Ƙwallon kwando: Sunan gurbi ya tsufa, aikinsa na nan daram

Tun daga kakar wasa ta 2023/2024, hukumar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, ta daina duba gurbin da ɗan wasa yake bugawa idan aka zo zaɓen zaratan 'yan wasa 15 na shekara. Kusan shekara 70 ana bin ƙa'ida ɗaya: a kowane jeri na mutum biyar, dole a samu 'yan baya biyu da 'yan gaba biyu da dogo ɗaya mai tsayawa a gindin kwando, wanda ake kira santa. Yanzu an ce a zaɓi waɗanda suka fi kowa iyawa kawai, ko da kuwa dukkansu gurbi ɗaya suke bugawa. Shekara goma sha ɗaya kafin haka, a 2012, an riga an cire sunan santa daga takardar ƙuri'ar wasan taurari da ake yi a tsakiyar kaka. Waɗannan matakai biyu su suka ƙara wa wata muhawara wuta a tsakanin masu horarwa da masu sharhi da 'yan kallo, kan ko gurbi yana da sauran amfani a ƙwallon kwando ko kuwa kwanansa ya ƙare.

Ra'ayina shi ne, masu cewa gurbi ya mutu sun haɗa abu biyu da ya kamata a rarrabe, wato suna da aiki. Sunayen gurabe biyar ɗin nan sun tsufa, har sun daina faɗa wa mai kallo abin da zai gani a fili. Ayyukan da aka raɗa wa sunayen kuwa ba ɗaya da ya ragu, kuma duk ƙungiyar da ta yi wasa da ɗaya daga cikinsu ta ji a jikinta.

Saboda mai karatu da ya fi sabawa da ƙwallon ƙafa, bari a fara da bayanin guraben. Kamar yadda muke cewa lamba tara ko lamba goma, haka su ma suke ƙirga nasu daga ɗaya zuwa biyar. Lamba ɗaya shi ne mai raba ƙwallo, galibi mafi gajarta da saurin ƙafa, shi yake ɗauko ƙwallo daga gida ya tsara yadda za a kai hari. Lamba biyu gwanin jifa ne daga nesa. Lamba uku matsakaicin tsawo ne, mai taɓa kowane aiki. Lamba huɗu ƙaƙƙarfa ne mai kokawar ƙwallon da ya bugi baki ya dawo. Lamba biyar shi ne santa, dogon gida, wanda yake cin maki a gindin kwandon abokan karawa, ya kuma tsare nasa kwandon.

Wannan rabo ba ya cikin dokokin wasa. James Naismith, wanda ya ƙirƙiro wasan a watan Disamba na 1891 a garin Springfield da ke jihar Massachusetts, da mutum tara-tara ya fara, sai daga baya aka tsaya a kan biyar-biyar. A ƙwallon ƙafa doka ce ta ware mai tsaron gida, ta ba shi izinin taɓa ƙwallo da hannu. A ƙwallon kwando babu wanda doka ta ware, kowa yana da ikon zuwa ko'ina, ya yi duk abin da ɗan'uwansa zai yi. Siffar filin ce ta haifi gurabe. Bakin kwando yana a tsayin ƙafa 10 daga ƙasa, kuma har zuwa 1979 duk jifan da ya shiga ana cikin wasa a NBA maki biyu ne, ko daga gindin kwando aka jefa ko daga tsakiyar fili. To wa zai wahalar da kansa da nesa alhali ladan ɗaya ne? Sai hankali ya ba da cewa a sa mafi tsawo a kusa da kwando, a jera sauran daga bayansa gwargwadon tsawonsu.

Shi ya sa tarihin farko na gasar tarihin dogaye ne. George Mikan na Minneapolis Lakers ya addabi jama'a har sai da aka faɗaɗa harabar gindin kwando, wadda ba a yarda mai kai hari ya wuce daƙiƙa uku a cikinta ba, daga ƙafa 6 zuwa 12 a 1951. A 1964 aka sake faɗaɗa ta zuwa ƙafa 16 saboda Wilt Chamberlain, mutumin da ya ci maki 100 shi kaɗai a wasa ɗaya ranar 2 ga Maris, 1962. Bill Russell ya ɗauki kofi 11 cikin kaka 13 da Boston Celtics, kuma abin da ya fi shahara da shi shi ne hana a ci. A wancan zamani, duk mai son kofi santa yake fara nema.

Masu cewa gurbi ya mutu suna da hujjoji, kuma ba na raina su. Sukan fara da Magic Johnson, mai tsawon ƙafa 6 da inci 9, wanda bisa tsohon ma'auni lamba huɗu ya kamata ya buga, amma ya zama ɗaya daga cikin gwanayen lamba ɗaya da aka taɓa yi. A wasa na shida na zagayen ƙarshe na 1980, da Kareem Abdul-Jabbar ya ji rauni a idon sawu, Magic, yana ɗan shekara 20 kuma a kakarsa ta farko, shi ya tsaya a madadinsa wajen tsallen buɗe wasa. Ya ci maki 42, ya cafke ƙwallo 15 da suka dawo daga kwando, ya miƙa 7 aka ci, Lakers ta doke Philadelphia ta ɗauki kofi. Sai dai a lokacin an ɗauki abin a matsayin baiwar mutum ɗaya.

Dokoki ne suka mayar da baiwar mutum ɗaya ta zama tsarin kowa. A kakar 1979/1980 aka shata layin maki uku, mai nisan ƙafa 23 da inci 9 daga kwando, ƙafa 22 a kusurwa. A kakar farko kowace ƙungiya ba ta kai jifa uku daga bayan layin a wasa ɗaya ba, domin an ɗauke shi abin burgewa kawai. A kakar 2024/2025 kuwa adadin ya haura 35. Lissafin ba shi da wuya: wanda ya jefa sau 30 daga nesa ya ci 10 ya tara maki 30, mai jifan maki biyu kuwa sai ya ci 15 cikin 30 kafin ya kamo shi. A 2001 aka halatta tsaron shiyya, wanda ya ba masu tsaro damar yi wa dogo taron dangi tun kafin ƙwallo ya iso hannunsa. A 2004 kuma aka tsaurara hana dafa mai ƙwallo da hannu a wajen harabar kwando, abin da ya sakar wa masu sauri mara. Cikin shekara uku aka ƙuntata wa mai jira a gindin kwando, aka buɗe wa mai gudu hanya.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A kakar 2004/2005 koci Mike D'Antoni na Phoenix Suns ya mayar da Amar'e Stoudemire daga lamba huɗu zuwa biyar, ya mayar da Shawn Marion daga uku zuwa huɗu, ya damƙa wa Steve Nash ragamar gudu. Ƙungiyar da ta ci wasa 29 a kakar baya sai ga ta da 62. Dirk Nowitzki, Bajamushe mai ƙafa 7, ya shafe shekaru yana jifa daga inda ba a saba ganin mai irin tsawonsa ba, har ya kai Dallas ga kofi a 2011. Miami ta ɗauki kofin 2012 da na 2013 bayan da Erik Spoelstra ya tura Chris Bosh lamba biyar, ya bar LeBron James yana yin aikin da wasa ya buƙata a kowane lokaci. Sannan aka zo kan Golden State Warriors. A zagayen ƙarshe na 2015, Cleveland tana gaba da wasa biyu da ɗaya, sai Steve Kerr ya zaunar da santansa Andrew Bogut a benci, ya sa Andre Iguodala, ya tura Draymond Green mai ƙafa 6 da inci 6 zuwa lamba biyar. Suka ci wasa uku a jere suka ɗauki kofi. A kaka ta gaba suka ci wasa 73 cikin 82, Stephen Curry shi kaɗai ya zura jifan nesa 402.

Akwai kuma hujja mafi zafi, ita ce ɓarnar da riƙe suna ya yi. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984, Portland ce ta biyu a layi. Tana da Clyde Drexler da Jim Paxson a baya, santa take nema, sai ta ɗauki Sam Bowie, ta bar wa Chicago Michael Jordan. Raunin ƙafa ya cinye ƙuruciyar Bowie, Jordan kuwa ya ɗauki kofi shida. A 2007 ƙungiyar ta sake samun kanta a mararraba irin wannan, ta ɗauki santa Greg Oden ta bar Kevin Durant. Oden wasa 105 kacal ya buga a rayuwarsa ta NBA. Haka abin yake a wajen karramawa. A 2016 DeAndre Jordan ya shiga jerin farko na zaratan shekara saboda dole a cike gurbin santa, alhali ko wasan taurari na shekarar bai samu shiga ba. A 2021 da 2022 kuwa Joel Embiid, ɗan asalin Yaounde a Kamaru, ya zo na biyu a ƙuri'ar gwarzon shekara, amma aka ajiye shi a jeri na biyu, domin Nikola Jokic ya riga ya zauna a kujerar santa ɗaya tilo da ke jerin farko. Kuma maganar ta wuce kwalliya, tana taɓa aljihu, tunda shiga waɗannan jeri yana daga cikin sharuɗɗan da ke ba ɗan wasa damar samun kwantiragi mafi tsoka. Saboda haka matakin da NBA ta ɗauka daidai ne, babu mai hankalin da zai yi kewar tsohuwar ƙa'idar.

To amma fa soke suna a takardar ƙuri'a daban, soke aiki a fili daban. Ko wace irin dabara koci ya zo da ita, akwai ayyukan da dole wani ya yi su a kowane dare. Dole a samu mai ɗauko ƙwallo ya wuce mai tsaronsa na farko, ya tilasta wa abokan karawa su bar nasu mutanen su zo taimako. Dole a samu masu jifa da ake tsoro, don kada a cunkushe gindin kwando. Dole wani ya riƙe gwanin cin makin abokan karawa. Dole wani ya tsaya a matsayin katanga ta ƙarshe idan an wuce na gaba. Dole kuma wani ya cafke ƙwallon da ya kuskure, domin ko a NBA fiye da rabin jifan da ake yi ba ya shiga. Bahaushe ya ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma idan ya faɗo, mai tsawo da ƙarfi da sanin wurin tsayawa shi ke ɗauka.

An gwada watsi da waɗannan ayyuka biyu na ƙarshe, kuma mun ga sakamako. A watan Fabrairun 2020 Houston Rockets, ƙarƙashin D'Antoni ɗin nan dai, ta sayar da santanta Clint Capela, ta sa P.J. Tucker mai ƙafa 6 da inci 5 a lamba biyar. Ba a taɓa ganin ƙungiya mai neman kofi ta kai wannan ra'ayi har ƙarshensa kamar haka ba. Da farko abin ya yi armashi. Amma a zagaye na biyu na wasannin neman kofi, inda ake karawa har sai ɗaya ta ci huɗu, suka haɗu da Lakers ta LeBron James da Anthony Davis. Houston ta ci wasan farko, aka cinye ta huɗu a jere. Abin lura shi ne Lakers ma ta ajiye manyan santocinta biyu a benci a mafi yawan wannan karo, ta tura Davis lamba biyar. Ke nan ta yarda da sauri, amma ta ajiye mai tsare kwando a fili. Da ta wuce ta haɗu da Denver ta Jokic, sai ta sake fito da Dwight Howard. Wannan ƙungiya ce ta ɗauki kofin shekarar.

Misali na biyu ya fi kusa da mu, domin mai gwajin a Zariya ya tashi. Masai Ujiri, wanda a filayen Zariya ya fara koyon ƙwallon kwando, shi ne ya gina ƙungiyar Toronto Raptors da ta ɗauki kofin 2019, kofi na farko da ya taɓa fita daga Amurka zuwa Kanada. Waccan ƙungiya kowane aiki da mai shi: Kyle Lowry yana raba ƙwallo, Kawhi Leonard yana cin maki yana tsaro, Marc Gasol da Serge Ibaka suna gadin kwando. Shi Gasol a tsakiyar kakar aka ɗauko shi. Bayan waɗannan sun watse, Ujiri ya gwada wata sabuwar hanya. Ya tara matasa masu tsawo kusan ɗaya, ƙafa 6 da inci 7 zuwa 9, masu dogayen hannuwa: Pascal Siakam ɗan Douala, da OG Anunoby wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, da Precious Achiuwa haifaffen Fatakwal, da Scottie Barnes da Chris Boucher. Manufar ita ce kowa ya iya riƙe kowa, babu santa na asali. A kakar 2021/2022 suka ci wasa 48, abin yabo. A zagayen farko suka haɗu da Philadelphia ta Embiid, ta fitar da su da ci huɗu da biyu. A kaka ta gaba al'amura suka tsaya cak, sai a Fabrairun 2023 Ujiri ya ba da ɗan wasa da haƙƙin zaɓen sababbin 'yan wasa, ya dawo da Jakob Poeltl daga San Antonio, santa na gargajiya mai ƙafa 7 wanda ba ya jifan nesa ko kaɗan. Idan mutum mai idon Ujiri ya gwada ya koma, ya kamata masu sharhi su saurara.

Haka Oklahoma City ta yi. A 2024 ita ce ta ɗaya a shiyyar yamma, amma Dallas ta fitar da ita a zagaye na biyu, kuma kowa ya ga inda ɓarakar take, wato kokawar ƙwallo a gindin kwando. A bazarar shekarar ta ɗauko santa Isaiah Hartenstein ta haɗa shi da Chet Holmgren, a 2025 ta ci wasa 68 ta ɗauki kofi. Ita kanta tawagar Amurka, da ta je gasar cin kofin duniya ta 2023 da ƙarancin dogaye, Lituwaniya da Jamus da Kanada duk sun doke ta, ta ƙare a ta huɗu. Da za ta je wasannin Olamfik na Faris a 2024, sai ta tafi da Embiid da Davis da Bam Adebayo, ta dawo da zinare.

Har Golden State ɗin da ake kafa hujja da ita, in an duba da kyau, shaida ce ga wannan ɓangare. Abin da ya sa ƙaramin jerinta ya yi aiki shi ne Draymond Green yana iya aikin santa duk da gajartarsa, har ya zama gwarzon mai tsaro na 2017. Sun ajiye sunan, amma akwai mai aikin. Kuma ba su taɓa rabuwa da dogaye ba, daga Bogut zuwa Zaza Pachulia da JaVale McGee da Kevon Looney. Ƙaramin jerin makami ne da suke zarowa a lokacin da ya dace. A hanyarsu ta zuwa kofin 2022, a daren da suka fitar da Memphis, Looney shi kaɗai ya cafke ƙwallo 22.

Wani abin da ya kamata ya ba masu jana'izar santa kunya shi ne jerin gwarazan shekara. Daga 2019 zuwa 2024, sau shida a jere, kyautar ba ta fita daga hannun mutum uku ba: Giannis Antetokounmpo, ɗan Girka wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, sau biyu, Jokic ɗan Sabiya sau uku, Embiid sau ɗaya. Babu wanda ya gaza ƙafa 6 da inci 11 a cikinsu. Dogon gida bai ɓace ba, ƙarin sana'a ya koya. Jokic, wanda sai a lamba 41 aka zaɓe shi a 2014, yana raba ƙwallo fiye da mafi yawan masu lamba ɗaya, har a kakar 2024/2025 ya zama santa na farko da ya kammala kaka yana miƙa sama da ƙwallo 10 ana ci a kowane wasa, ƙari a kan maki da cafka. To da ya ɗauki aikin lamba ɗaya a wajen kai hari, ina nasa ragowar aikin ya tafi? Denver ta raba shi. Ta kawo Aaron Gordon don riƙe ƙaƙƙarfan abokin karawa da danna ƙwallo a kwando, ta kawo Kentavious Caldwell-Pope don tsaron waje da jifan nesa. Da wannan rabo ta ɗauki kofin 2023. Kayan jaki ɗaya ne, an dai sauya wanda ke ɗauke da kowane ƙunshi.

Wani hanzari ba gudu ba, za a iya cewa ai an ga ranar da santa ya zama nauyi ga ƙungiyarsa. Gaskiya ne. Rudy Gobert na Faransa ya zama gwarzon mai tsaro har sau huɗu, amma a 2021 Los Angeles Clippers ta jera masu jifa biyar, ta janyo shi waje daga gindin kwando, Terance Mann ya ci maki 39 a wasa na shida, aka fitar da Utah. Sai dai tambayar da ya kamata a yi ita ce, me ya sa Gobert yake barin nasa mutum yana ruga gudu zuwa kwando? Saboda abokan wasansa na waje ana wuce su kamar ba su nan. Wani aiki ne aka bari babu mai yi, nauyinsa ya faɗa kan mutum ɗaya. Da Gobert ya koma Minnesota, inda ya samu masu tsaron waje irin su Jaden McDaniels da Anthony Edwards, sai ga su a 2024 sun fitar da Denver mai riƙe da kofi.

Daga nan za a gane inda gurbi ya koma. A wajen kai hari an saki kowa, dogo yana jifa, gajere yana kafa wa dogo shinge da jikinsa. A wajen tsaro kuwa jiki ba ya ƙarya. Curry ba zai riƙe Embiid ba ko da ya kwana yana atisaye, haka mai nauyin jiki ba zai bi sawun mai sauri a fili buɗaɗɗe ba. Don haka gurbin ɗan wasa a yau shi ne wanda yake iya riƙewa. A wasannin neman kofi, inda ƙungiya biyu za su iya haɗuwa sau bakwai cikin mako biyu, kowane koci yana neman mafi rauni a cikin masu tsaron abokan karawa, ya yi ta jan shi cikin wasa har sai an cire shi. Mai iya riƙe mutum iri uku ko huɗu shi ya yi tsada a kasuwa, kuma ba za a ce mutum yana riƙe gurabe huɗu ba sai idan guraben suna nan.

Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san irin wannan. Tawagar Holan ta 1974, ta Rinus Michels da Johan Cruyff, ta shahara da musayar wuri, ɗan baya ya hau gaba, ɗan gaba ya sauko. Amma sharaɗin tsarin shi ne duk wanda ya bar wurinsa, wani ya cike. Wanda bai san aikin wurin ba, ba zai iya cike shi ba.

Abin da ya sa na ga wannan muhawara ta shafe mu shi ne yaranmu da ke tasowa a filayen Zariya da Kano da Kaduna da Jos, da masu horar da su. Kuskure biyu ne ke jiransu. Na farko tsoho ne: a ga yaro ya fi sa'o'insa tsawo yana shekara 12, a ce masa ya tsaya a gindin kwando, kada ya kuskura ya ja ƙwallo ko ya jefa daga nesa. Idan tsawonsa ya tsaya a ƙafa 6 da inci 3, ya zama santan da babu mai buƙata, kuma lokacin koyon wani abu ya wuce. Na biyu sabo ne, wayar hannu ce ta kawo shi: kowane yaro ya ga Curry, yana son jifa daga tsakiyar fili, babu mai son koyon tare hanya da jiki, ko kafa shinge, ko karanta inda ƙwallo zai faɗo. Irin su Jokic da Durant da Victor Wembanyama, Bafaranshen nan da ya haura ƙafa 7 da inci 3 kuma yake jan ƙwallo kamar gajere, 'yan ƙalilan ne a duniya. Mafi yawan masu cin abinci da wannan wasa suna ci ne saboda akwai aiki ɗaya ko biyu da suka ƙware a kai har koci ba ya iya ajiye su.

Abin koyi yana gida. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, gola ne a ƙwallon ƙafa kuma ɗan ƙwallon hannu kafin ya taɓa ƙwallon kwando yana wajen shekara 15. Shi da bakinsa ya sha danganta saurin ƙafarsa da wancan tushe. Shi Houston ta ɗauka a lamba ɗaya a 1984, a gaban Jordan, kuma har yau babu mai ganin laifinta. Yana juya jiki kamar lamba biyu, har daga baya Kobe Bryant da LeBron James suka je wurinsa ɗaukar darasi, amma bai taɓa sakin aikin santa ba. Shi ke riƙe da tarihin kaɗe jifa a NBA, sau 3,830. A 1995 Houston ta sayar da lamba huɗunta Otis Thorpe, ta kewaye Olajuwon da masu jifa irin su Robert Horry da Kenny Smith da Mario Elie, ta share Orlando ta Shaquille O'Neal da ci huɗu da nema, ta ɗauki kofi karo na biyu a jere. Shekara 20 ke nan kafin Golden State ta zo da abin da ake kira sabon zamani.

Ko a ranar 10 ga Yulin 2021, da D'Tigers ta Najeriya ta doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas, an fi tuna jifan nesa 20 da ta zura. Amma a wannan daren ne Achiuwa ya tashi sama ya tare Durant a bakin kwando. Da maki uku kacal aka yi nasara, kuma tare irin wannan maki biyu yake hanawa.

Shawarata ga masu horar da yara ita ce, kafin yaro ya kai shekara 15 ko 16 a koya masa komai, jan ƙwallo da hannu biyu, miƙawa, jifa, tsaro, ba tare da duba tsawonsa ba. Idan jikinsa ya bayyana inda ya dosa, sai a zaɓa masa aikin da zai riƙe a matsayin sana'a, a tsananta masa a kai. Masu haɗa ƙungiya kuma su daina tambayar lambar da ɗan wasa yake bugawa, su tambayi wa zai iya riƙewa, wane aiki kuma zai sauke wa abokansa. Da Portland ta yi wannan tambaya a 1984 ba ta bar Jordan ba, da Houston ta yi ta a 2020 ba ta shiga fili babu mai gadin kwando ba.